Fim Ɗin Leƙen Asiri: Wanne Za Ka Fara Kalla Cikin Bakwai Ɗin Nan?

Finafinan da ke magana kan yadda gwamnati ke bibiyar jama'arta suna da yawa, kuma fastocinsu kusan iri ɗaya ne: mutum yana gudu, ga alamar saiti a bayansa, ga tauraron ɗan Adam a sama. Wanda ya zaɓa da fasta kaɗai zai iya neman faɗa ya ɓuge da kallon wani Bajamushe zaune a ɗaki yana sauraron maganar mutane har awa biyu, ko ya nemi ilimi ya ɓuge da motoci suna ta wuntsilawa ba dalili. Na ware guda bakwai da suka fi yawo a bakin masu kallo, zan auna su da ma'auni ɗaya.

Abin da zan auna da shi

Na farko shi ne zafi: gudu, faɗa da tashin hankalin da ke hana mutum taɓa wayarsa yana kallo. Na biyu gaskiya: abin da aka nuna, ana iya yin sa ko ƙarya ce irin ta fim? Na uku ƙarko, wato ko fim ɗin ya tsufa. Wannan yana da muhimmanci a nan fiye da sauran finafinai, domin fasaha tana saurin canzawa, kuma abin da ya tsorata mutane a 1998 yau yana aljihun kowa. Na huɗu sauƙin bi: harshe, yawan surutu, da ko sai ka kalli wani kashi kafin ka gane wannan.

Sai tsada. Kuɗin haya ko na rajista ya danganta da inda kake kallo, amma lokaci da data kowa zai biya. A intanet, awa ɗaya ta hoto matsakaici tana cin kusan 1GB, mai kyau sosai kuma tana iya kaiwa 3GB, don haka bambancin fim mai minti 112 da mai minti 145 ba ƙarami ba ne ga mai lissafin data. Sai haɗari, wanda a wurinmu ma'anarsa ɗaya ce: za ka iya kunna shi a falo gaban yara ko gaban surukai ba tare da ka yi ta lalubar rimot ba?

Akwai ma'auni na ƙarshe da ni na fi ba nauyi: waye bos? A wasu finafinan, wani jami'i ne guda ya lalace, da an kawar da shi komai ya gyaru. A wasu na'ura ce ta haukace. A wasu kuwa babu wanda ya karya doka, dokar ce ta ba da izini. Amsar wannan tambayar ita ke nuna ko fim zai bar ka da tunani ko za ka manta da shi kafin gari ya waye.

Enemy of the State (1998)

Tony Scott ne ya ba da umarni. Will Smith ya fito a matsayin Robert Dean, lauyan ƙungiyoyin ƙwadago a Washington wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. An kashe wani ɗan majalisa saboda ya ƙi goyon bayan ƙudurin dokar da za ta faɗaɗa ikon sa ido, ashe wata kyamara da wani mai binciken tsuntsaye ya kafa a bakin tafki ta ɗauki komai. Mai kyamarar, yana gudun ceton rai, ya jefa shaidar cikin jakar sayayyar Dean. Daga nan wani babban jami'in NSA, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, wanda Jon Voight ya taka, ya sako masa yaransa.

Abin da ya sa fim ɗin ya yi ƙarko ba gudun ba ne, ko da yake akwai shi da yawa. Yadda aka rusa rayuwar mutumin tun kafin a taɓa jikinsa ne. An rufe katunan bankinsa, an ba jarida labarin ƙarya a kansa, an kore shi daga aiki, an tura hotunan da suka sa matarsa ta fitar da shi daga gida. Sai da Gene Hackman, a matsayin Brill tsohon ma'aikacin hukumar, ya tsare shi ya fara zaƙulo na'urorin bin sawu daga takalminsa, agogonsa, alƙalaminsa, har wandonsa, sannan Dean ya gane abin da ke faruwa. Duk wanda aka taɓa toshe wa layi ko asusu na 'yan kwanaki saboda matsalar NIN ko BVN ya ɗanɗana ɗan kaɗan daga yadda rayuwa ke tsayawa cak idan wani da ba ka gani ya danna maɓalli, ko da kuwa babu mugun nufi a ciki.

Ta fuskar gaskiya, rabi da rabi ne. Sauraron waya da bin sawun kuɗi gaskiya ne. Amma wurin da suka juya hoton kyamarar shago suka leƙa ɗaya gefen jakar, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Abin mamaki shi ne lokacin fitowarsa: shekara uku kafin harin 11 ga Satumba da dokar Patriot Act ta faɗaɗa ikon sa ido da ta biyo baya a Oktoban 2001, shekara goma sha biyar kafin Edward Snowden ya tona asirin NSA. Rauninsa shi ne bos ɗin mutum ɗaya ne da 'yan yaransa, suna aiki a bayan idon shugabanninsu, don haka hukumar ta fita da sunanta. Turancinsa mai sauƙi ne, labarin a miƙe yake. Akwai ashar, akwai kuma wani wuri a shagon kayan ciki na mata da ba na gaban yara ba ne.

The Bourne Ultimatum (2007)

Idan zafi ake nema, babu na biyunsa a jerin nan. Paul Greengrass ya ba da umarni, Matt Damon ne Jason Bourne, kuma fim ɗin ya ci Oscar uku, na tace hoto da biyu na sauti.

Wuri ɗaya ya isa ya biya kuɗin datarka. Wani ɗan jaridar The Guardian ya furta kalmar Blackbriar, sunan wani shirin sirri na CIA, a waya, na'urorin tace kira suka cafke kalmar, cikin ɗan lokaci ofishin CIA a New York ya san sunansa da inda yake. Bourne ya ba shi mahaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Waterloo a Landan. Da yake ya san an riga an kama layin ɗan jaridar, sai ya sayi sabuwar waya ya zura masa a aljihu ba tare da ya ankara ba, ya kira shi. Daga nan yana ba shi umarni taki bayan taki cikin cunkoson jama'a: tsaya, juya, sunkuya ka ɗaure takalmi, domin a daidai wannan daƙiƙar kyamarar tashar tana juyowa. Can New York kuma mutane suna zaune gaban allo suna juya kyamarorin wata ƙasa yadda suka ga dama. Babu fashewa ko ɗaya a wurin, amma numfashinka sai ya ɗauke.

Matsalarsa biyu. Shi ne na uku bayan na 2002 da na 2004, kuma wanda bai ga waɗancan ba zai sha wahalar gane wacece Pamela Landy da abin da ya sa Bourne ke neman sunansa na asali. Ke nan tsadarsa ta gaskiya fim uku ce. Na biyu, kyamarar Greengrass ba ta tsayawa wuri ɗaya, a ƙaramin allon waya faɗan Tanja na ƙasar Maroko yana iya sa wa mutum jiri. Batun sirrin talaka kuwa bai dame shi sosai ba, domin Bourne ba talaka ba ne, horarren makashi ne da ya fi masu bin sa iya aikin. Ba za ka ga kanka a cikinsa ba. Ta fuskar kunya, shi ya fi tsabta: duka da harbi ne kawai.

Eagle Eye (2008)

Ba zan daɗe a nan ba. Shia LaBeouf matashi ne mai aiki a shagon kwafin takardu a Chicago, ya wayi gari da maƙudan kuɗi a asusunsa da makamai cike da ɗakinsa, sai wata murya ta mace ta kira shi tana ba shi umarni. Muryar tana sarrafa danjojin titi, jiragen ƙasa, allunan talla, injinan ɗaga kaya, da wayar duk wanda ke kusa da shi. Rabin awa na farko yana da daɗi. Bayan an bayyana cewa mai muryar na'ura ce, labarin ya zama shirme, domin wanda ke da wannan ikon duka ba ya buƙatar wahalar da mutum biyu, matashin da wata mata, su zagaye Amurka. Laifin an ɗora wa na'ura, kowa ya wanke hannunsa.

Abu ɗaya na ba shi: akwai inda aka karanta maganar mutane daga girgizar kofi a cikin kofin shayi, wanda ya yi kama da zuƙi ta malle, sai ga shi a 2014 masu bincike a jami'ar MIT sun ciro sauti daga bidiyon ledar soyayyen dankali. Fim ne na kashe lokaci, yara matasa za su so shi, kuma babu abin kunya mai yawa.

Minority Report (2002)

Steven Spielberg ya gina shi kan gajeren labarin Philip K. Dick na 1956. Shekara ta 2054 ce a Washington, an kafa sashen 'yan sanda da ke kama mutum kafin ya yi kisa, bisa hangen wasu mutum uku da ake ajiye a cikin ruwa. Tom Cruise ne shugaban masu kamun, har ranar da hangen ya nuna shi ne zai kashe wani da bai taɓa gani ba.

Mutum ukun nan tatsuniya ce, amma duk abin da ke kewaye da su ya fi na sauran finafinan kusa da yau. Kowace ƙofa, kowane jirgi, kowane shago yana ɗaukar hoton ƙwayar idonka. Allunan talla suna kiran sunanka kana wucewa. Akwai inda 'yan sanda suka saki wasu ƙananan na'urori masu ƙafafu kamar gizo-gizo cikin wani benen talakawa, suna bi ɗaki-ɗaki suna duba idon kowa. Wasu ma'aurata suna tsaka da faɗa, suka tsaya, aka haska idonsu, suka ci gaba da faɗansu daga inda suka tsaya. Wannan 'yar daƙiƙar ta fi dogon jawabi, domin ta nuna mutanen da suka saba har abin ya daina damunsu. Tambayar fim ɗin ma mai nauyi ce: an shekara shida ba a yi kisa a birnin ba, to za ka yarda a kulle wanda bai riga ya yi laifi ba don a ci gaba da hakan?

Shi ya fi kowanne tsawo, minti 145, kuma labarin yana da lauje cikin naɗi, ba a kallonsa ana hira. Wurin sauya ido a hannun wani likitan bogi yana da ƙyama, kada a kalle shi ana cin abinci.

Snowden (2016)

Oliver Stone ya ɗauko labarin gaske. Joseph Gordon-Levitt ne Edward Snowden, ma'aikacin kwantiragi na NSA da ya gana da 'yan jarida Glenn Greenwald, Laura Poitras da Ewen MacAskill a wani otal a Hong Kong a watan Yunin 2013 don tona asirin hukumar. Labarin farko da ya fito shi ne umarnin kotun sirri da ya tilasta wa kamfanin Verizon miƙa bayanan kiran abokan cinikinsa, sai na PRISM, shirin karɓar bayanan mutane daga manyan kamfanonin intanet, ya biyo baya.

Wanda ya zo neman gudu da harbi zai yi barci. Amma a nan ne ake bayyana yadda abin yake aiki. Ba sai kai ne ake zargi ba: ana bin wanda ake zargi, da waɗanda ya kira, da waɗanda su suka kira, da na gaba da su, tsalle uku. Yi lissafi da kanka, idan kowa yana da mutum 40 a wayarsa, tsallen farko 40 ne, na biyu 1,600, na uku 64,000. Mai sayar maka da kati da direban da ya taɓa kai ka tasha duk sun shiga. A Janairun 2014 ne Obama ya rage tsallen zuwa biyu, a 2015 kuma dokar USA Freedom Act ta dakatar da tara bayanan kira na kowa da kowa a hannun hukumar. Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda wani ma'aikaci ya kunna kyamarar kwamfutar wata mata daga nesa, 'yar uwar wani ma'aikacin banki da suke bibiya, ta shigo ɗakinta ta fara cire lulluɓi ba ta san ana kallonta ba. Ba ta yi laifin komai ba, dangantaka ce kawai ta jawo mata.

Sai dai a sani, Stone yana tare da Snowden ɗari bisa ɗari, ba za ka ji hujjar masu ganin ya ci amanar ƙasarsa da kyau ba, kuma an ƙara gishiri a wurare. Wanda ke son ganin mutumin da kansa a ɗakin otal ɗin, Citizenfour, fim ɗin gaskiya da Poitras ta ɗauka, wanda ya ci Oscar a 2015, ya fi. Turancin Snowden cike yake da kalmomin kwamfuta, sannan akwai wurin kwanciya ƙarara. Ba na falo ba ne.

The Lives of Others (2006)

Da Jamusanci aka yi shi, sai da fassarar rubutu a ƙasan allo, kuma babu tseren mota ko ɗaya. Na san wasu sun riga sun tsallake. Duk da haka shi ne mafi kyau a cikin bakwai ɗin, kuma ya ci Oscar na fim ɗin harshen waje a 2007.

Berlin ta Gabas ce a 1984. Hukumar Stasi, 'yan sandan sirri na Jamus ta Gabas, wadda ma'aikatanta suka kai kusan 91,000 a 1989 ban da 'yan rahoto, ta sa kyaftin Gerd Wiesler ya saurari gidan wani marubucin wasan kwaikwayo. Ba don marubucin ya yi wani abu ba, minista ne ke son budurwarsa. Cikin minti ashirin aka shiga gidan aka binne wayoyi a bayan makunnan fitila. Da za su fita, Wiesler ya lura maƙwabciya tana leƙe ta 'yar kafar ƙofarta. Ya ƙwanƙwasa, ya kira sunanta, ya kira sunan 'yarta, ya shaida mata cewa kalma ɗaya ta fita daga bakinta 'yar ta rasa gurbinta a jami'a. Sannan ya ce wa yaronsa a aika mata da kyauta. Babu bindiga, babu tsawa, kuma matar ba za ta taɓa buɗe baki ba.

Fasahar cikinsa tsohuwa ce, waya da tef da tafireta, shi ya sa ba zai tsufa ba, don bai dogara da ita ba. Abin da ya nuna shi ne abin da sa ido ke yi wa zumunci, da kuma abin da yake yi wa shi mai sauraron. A nan ba wani jami'i guda ne ya lalace ba, tsarin yana aiki ne daidai yadda aka gina shi. Akwai wuraren kwanciya fiye da ɗaya, har da na tilas a cikin motar ministan, don haka na manya ne kawai.

Official Secrets (2019)

Keira Knightley ta fito a matsayin Katharine Gun, mai fassara a GCHQ, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, wadda a 2003 ta fitar da wasiƙar NSA da ke neman a taya ta sauraron wakilan wasu ƙasashe a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kafin ƙuri'ar yaƙin Iraƙi. Ƙasashen su ne Angola, Kamaru, Gini, Chile, Bulgeriya da Pakistan. Jaridar The Observer ta buga, aka gurfanar da Gun, aka janye ƙarar a Fabrairun 2004. Fim ne na ofis da kotu, gajere, a natse, kuma ya nuna ƙasashen Afirka a cikin waɗanda ake saurara.

| Fim | Minti | Zafi | Gaskiya | Ƙarko | Sauƙin bi | A falo? | Waye bos? |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Enemy of the State | 132 | Sosai | Rabi | Mai kyau | Mai sauƙi | Da rimot a hannu | Jami'i guda |
| The Bourne Ultimatum | 115 | Mafi zafi | Rabi | Mai kyau | Sai an ga na baya | Eh, ban da ƙanana | Sashen sirri |
| Eagle Eye | 118 | Sosai | Kaɗan | Ya tsufa | Mai sauƙi | Eh | Na'ura |
| Minority Report | 145 | Sosai | Hasashe | Sosai | Sai an natsu | Da taka-tsantsan | Tsari da mai tsarin |
| Snowden | 134 | Kaɗan | Da yawa | Matsakaici | Kalmomin kwamfuta | A'a | Doka da hukuma |
| The Lives of Others | 137 | Babu gudu | Da yawa | Sosai | Jamusanci | A'a | Gwamnati kanta |
| Official Secrets | 112 | Kaɗan | Da yawa | Mai kyau | Yawan magana | Eh, akwai ashar | Gwamnatoci biyu |

Wani haɗarin da bai shiga tebur ba: shafukan sauke fim kyauta da ke cewa sai ka saka wata manhaja tukuna, manhajar kuma ta nemi izinin shiga lambobinka, saƙonninka da kyamararka. Manhajar kallon fim ba ta da abin yi da saƙonninka, ka ƙi.

Wanne ya dace da kai

Idan fim ɗaya kawai za ka kalla, kuma kana son faɗa da abin tunani a haɗe, ɗauki Enemy of the State. Shi ne ƙofar shiga, kuma ko wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai bi labarin.

Idan abokai ne suka taru ranar hutu ana son abin da zai hana kowa gyangyaɗi, The Bourne Ultimatum, muddin akwai wanda ya ga biyun farko da zai yi wa sauran bayani. In babu, ko kuma akwai matasa a wurin, Eagle Eye zai yi aikin, kada dai a tsaya tambayar dalili.

Mai son a tashi daga kallo a shiga musu har dare kan tsaro da 'yanci, Minority Report ne nasa. Ɗalibin aikin jarida ko lauya ya fara da Official Secrets, wanda kuma shi ne mafi arha ga mai ƙaramin data. Mai son sanin yadda ake tatsar bayanan waya da intanet a zahiri ya kalli Snowden shi kaɗai, ya bi shi da Citizenfour. Wanda kuma karatun fassara a ƙasan allo ba ya gundurarsa, kuma zai iya ba fim awa biyu da kwata ba tare da an harba bindiga ba, ya jira yara su kwanta ya kunna The Lives of Others.